Tarihin Tsoho, Janareton da Ya Mutu Fitila Na Ci

Ciwon shawara ya saki jaririyata, idonta ya yi fari tas, gobe za a sallame mu! Babana ya ce tunda ina zaune in rubuta tarihin Tsoho, janareton asibitin haihuwar unguwarmu, wanda shi ke kula da shi. Ban taɓa irin wannan rubutu ba, a yi haƙuri da ni.

Haihuwarsa

An haifi Tsoho a shekarar 1996 in ji Baba, ko 2001 in ji babbar nas. Garinsu da sunan maƙeransa suna jikinsa a rubuce, amma tsatsa ta cinye.

Aikinsa

Ya kama aiki a wata rumfar kwano bayan ɗakin haihuwa, don asibitin ba shi da wata wuta sai tasa. Ƙa'ida ita ce ba a kunna komai sai an ji ƙararsa, kuma a kashe komai kafin a kashe shi, kada kaya su ƙone. In ya fara tari, Baba ya shafa shi ya ce, "Daure, akwai mai naƙuda."

Zuwan sola

Bara wasu mutane suka jera farantan sola a rufi, suka sa batura a sito, suka tafi. Shugabar da suka yi wa bayani, a satin aka canja mata wurin aiki. Kowa ya ɗauka sai sun dawo za su haɗa.

Rasuwarsa

Ranar Talata da rana tsaka, jaririyata na ƙarƙashin shuɗiyar fitilar shawara, wadda likita ya ce kada ta mutu ko kaɗan. Ina shanya a waje, sai Tsoho ya yi tari ya yi shiru. Na yar da bokiti, ni da Baba muka faɗa ɗakin a guje. Fitila na ci abinta.

Nas ta ce, "Baba, har ka tayar da shi?"

"In tayar da wa? Ya mutu."

"To wa ke ba mu wuta?"

Mai gyaran wuta ya zo ya bi waya, ya ce tun bara masu sola suka cire ta Tsoho, suka haɗa tasu. Baba ya zauna a kan benci ya ce, "To duk man da yake sha, ina yake kai shi?" Har yanzu ban san wace ce ranar rasuwarsa ba, bara ko Talata.

Jana'iza da waɗanda ya bari

Masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke shi a kura, Baba ya raka su har bakin titi. Ya bar ni, da ƙannena uku, da kusan rabin unguwa, duk a wutarsa aka haife mu. Jaririyata kuwa Baba ya ce a sa ta a lissafin, nas ta ce ita ta wutar rana ce.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa babanta. Yana hanya da babbar mota, an gaya masa inji ya mutu, ba a gaya masa sauran ba.