Tsinuwar da ta ratsa bango

Shekarun baya, lokacin ina ɗaukar kaya a wani sito da ke Wendover, a nan ƙasar Turawa, na shiga ajin karatun manya. Na haura arba'in, amma haɗa baƙi nake kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abokina, wani ɗalibin jami'a, ya ja ni gidan wani Bature a unguwar Sedgefield, inda suke wasan tatsuniya a kan tebur ran Asabar. Kowa ya ɗauki mutum guda a labarin ya ari bakinsa, a jefa ɗan ludo a ga sa'arsa.

"Malam, kai ne mugun boka," in ji abokina. "Kai da ko ƙuda ba ka kora, yau mu ga muguntarka."

Aka yi dariya, na karɓa. Bokan yana iya warkarwa, amma ya fi son tsinuwa. Kafin Asabar ta zagayo sai in haddace abin da zan faɗa daga littafin wasan. Da yake ban iya karatun zuci ba, nakan zauna a ɗakina in karanta da ƙarfi da Turanci, in maimaita da Hausa don ya zauna: "Ƙafarka ta bushe, harshenka ya mutu."

Bango ɗaya ya raba ni da Alhaji, wanda ya karɓe ni ranar da na sauka garin nan. A gidansa nake cin tuwon Juma'a. Shi kaɗai na gaya wa zancen wasan, a mota. Ya yi dariya har da hawaye.

"Boka da ƙamus a hammata! Allah Ya shirye ka. Kar dai Hajiya ta ji, ta ce na ajiye ɗan bori."

Ashe matarsa Hajiya tana jin karatun nawa ta bango.

Wata safiya Alhaji ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Na ruga asibiti, Hajiya ta tare ƙofa.

"Ƙafa da harshe ka ce, ko ba haka ba? Ga su nan, ka samu. Me ya yi maka banda alheri?"

Na ce wasa ne, Hajiya. Na kawo littafin, ta ga hoton ƙoƙon kan mutum a bangonsa ta kau da kai. Abokina ya je ya yi bayani, aka ce yaro ne, shi ma an ja shi ciki. Mutum ɗaya ne zai wanke ni, yana kwance, ina hango shi ta gilashin ƙofa, bakinsa na motsi ba sauti.

Bai tashi ba. Ranar jana'iza na shiga sahu, na kusa da ni ya matsa. Ba a ba ni hannu ba, ba a bar ni na kama makara ba. Ban koma Sedgefield ba, wata na zagayowa na sauya gida.

Na san ba ni na kashe shi ba, ajali ne. Sanin bai taɓa yi mini amfanin komai ba. Yanzu na iya karatu, ga shi har ina rubuta muku. Amma tun daga ranar, ko sunan titi zan karanta, bakina a rufe yake.