Lasifikar Isyaku da Daddawar Gwaggo Safara'u

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan yankin Jajaye cikin shekarun tamanin da casa'in ya san muryar Isyaku Mai Lasifika tun kafin ya san fuskarsa. Ɗan manoman gyaɗa ne, amma noma bai karɓe shi ba. Ya tafi Kano da ƙuruciya, ya koyi gyaran rediyo, ya dawo da amfilifaya mai ƙara sauti da batirin mota da lasifika mai faɗin baki wadda yake ɗaurewa a bayan kekensa. Tun daga nan shelar Dagaci ta koma hannunsa: isowar takin zamani, ranar allurar yara, cigiyar akuya, sanarwar jana'iza. Wannan amana ita ce darajarsa a gari, kuma yana alfahari da cewa kalmar banza ba ta taɓa fita ta bakin lasifikarsa ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wata irin waƙa ta shigo hannun samari, wadda suke kira raf. Isyaku dai bai ga waƙa a cikinta ba, sai surutu da sauri a kan kiɗan kaset. A ɓoye suke yinta a bayan wani shagon ɗinki a Rogo, suna naɗa a kaset suna ba juna. Jagororinsu biyu ne: Lukumanu, ɗan magatakardan Dagaci, wanda ya ɗan zauna a Kano ya dawo da wando kamar buhu da hula a juye, da kuma Hadi, matashin manomi mai kaifin harshe.

Bayan kaka ta wata shekara suka same shi a rumfarsa, suka durƙusa, suka yi gaisuwa mai tsawo irin wadda ba su saba yi ba.

"Baba Isyaku, karawa muke so mu yi a bainar jama'a, a filin tsohon siton gyaɗa," in ji Lukumanu. "Lasifikarka muke roƙo."

"Karawa? Dambe za ku yi?"

"A'a, Baba, da baki ne. Ni in yi masa baiti, shi ya mayar mini."

"Wato zambo. Dagaci ya hana zambo a garin nan tun kafin ku iya ɗaura wando."

Hadi ya yi murmushi. "Ai, Baba, taubashina ne. Babata da babansa ciki ɗaya suka fito. Ina dokar da ta hana ɗan mace ya tsokani ɗan namiji?"

Isyaku ya ga maganar tana kan hanya. Wasan taubasai al'ada ce. Ko a gaban sarki suka yi wa juna tsiya ba mai tankawa. Samarin suka yi ta zarya har ya gaji, ya je wurin Dagaci da kansa, ya tsaya musu. Dagaci ya ce, "Na yarda, amma tsakanin la'asar da magariba. Duk abin da ya fito ta bakin ƙarfen nan, Isyaku, a wurina kai ka faɗe shi."

Ranar wasa fili ya cika. Samari sun zo a kan kekuna har daga Fulatan da Yammedi, mata masu talla sun kewaye gefe, cikinsu har da Gwaggo Safara'u, mahaifiyar Hadi, wadda daddawarta ta yi suna a kasuwannin yankin. Tun kafin a fara ran Isyaku ya ɓaci. Lukumanu da Hadi sun kama makirfon sun cusa shi a baki kamar za su haɗiye, suna ta "Yo! Yo!", kaset ya naɗe sai da ya warware shi da biro. Ya ce musu da bismilla ake fara taro, suka yi bismillar a gurguje suka koma "Yo!"

Hadi ya fara, yana nuna taubashinsa da yatsa:

"Ka je Kano neman boko, ka dawo da wando ba ilimi ko,
Kunyar noma kake ji, ba ka jin kunyar tuwo!"

Fili ya kaure da shewa, har dattawan da suka tsaya nesa suka dara. Isyaku ya ɗan saki jiki. Amma shewar ta hau wa Lukumanu kai. A kasetocin da yake saurara, wanda aka kayar yakan koma kan uwar abokin karawarsa, sai ya fizge makirfon ya ce:

"Uwarka in ta girka daddawa, ƙuda ma ƙaura yake yi,
Kare ya sansana ya ce a kai shi asibiti!"

Isyaku ya daka tsalle ya cire wayar batir, amma lasifikar ta riga ta kai maganar har bakin rafi. Kiɗa ya mutu. Ba wanda ya yi dariya. Wasan taubasai iyakarsa kan su biyun. Ba a taɓa iyaye, tunda uwar wannan gwaggon wancan ce. Gwaggo Safara'u ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki ƙwaryarta ta fice.

"Kai wane irin sakarai ne?" in ji Isyaku. "Uwar tasa wace ce a wurinka?"

Sai a lokacin Lukumanu ya dafe kai. "Wallahi, Baba, na manta. Baitin ne ya zo a haka."

Washegari Dagaci ya yanke cewa ta inda zagi ya fita ta nan tuba za ta fita, kuma makomar shela tana hannun wadda aka ɓata wa. Ranar kasuwa Isyaku ya tura kekensa har gaban rumfar masu daddawa, ya kunna kaya, ya miƙa wa Lukumanu makirfon, yana mai gargaɗinsa da cewa in ya ji "Yo" ɗaya zai karya masa shi a ka. Lukumanu ya durƙusa ya nemi gafara, kasuwa duka tana ji.

Gwaggo Safara'u ta dube shi ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ni na yi wa uwarka wankan jegonka, na san ba ka da hankali tun a tsumma. Na yafe."

Isyaku ya yi hamdala, ya matso ya rusuna. "To, Hajiya, ni ma a sa baki wurin Dagaci."

"Kai kuma a kan me? Shi yaro ne, in da bakinsa kaɗai ya faɗa, mutum biyar ne za su ji. Kai da furfurarka ka ɗauko ƙarfe ka kai daddawata har Yammedi. Jiya ko ƙulli ɗaya ban sayar ba."

"Hajiya, ai ni na cire wayar!"

"Bayan ya kai aya."

Daga wannan mako shelar Dagaci ta koma wurin Jibo makaɗi, wanda ke yawo da ganga da maƙogwaronsa. Isyaku ya koma gyaran rediyo a rumfarsa. Gwaggo ta ci gaba da aika wa Lukumanu tuwo kamar da, Hadi kuwa tuni ya shirya da taubashinsa. Ba a yi nisa ba su biyun suka sake zuwa, suka durƙusa, suka yi doguwar gaisuwa, suka ce tunda yanzu lasifikar ba ta da aiki, ko zai ba su ita su kai wasa Karaye. Isyaku ya sunkuya yana laluben abin da zai jefe su da shi.