Layin da Aka Miƙe a Zaurenmu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, mushen lekol, wato malamin makarantar boko, Allah ya jiƙansa. Bana kam da haushi na zauna rubutun nan.

Lokacin da aka buɗe siyasa a ƙasar nan, mazan Zongo sun manne wa rediyo suna gardamar wa zai ci zaɓe, shi kuwa yana tsugune kusa da ni a madafa. Ina murza wasa-wasa, na yayyafa wa garin doya ruwa ina juya ƙwarya, gari yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana. Ya ce da ikon Allah haka duniyoyi suka samu: ƙura ce da iska suke juyawa kewaye da rana, a shimfiɗe kamar faifai, ƙwaya tana kama ƙwaya har ta zama duniya. Na ce ya ba ni wuri, abincin sayarwa nake yi. Ko motsi bai yi ba.

Daga baya ya zana abin a bangon zauren gidanmu. Rana a tsakiya, da'irori takwas a jere, sai guda can nesa da ta karkace. Duk wanda ya ce hannunsa ne ya goce, ya shiga uku, sai ya zaunar da shi. Duniyoyi irin ta can nesa, in ji shi, a kan faifan suka fara kamar kowa. Wata babbar duniya ce ta ture su, ko wani tauraro ya gifta ya fizge su. Amma rana ɗaya muke kewayawa da su.

Babban wanmu Alhaji Sani bai taɓa zama ya saurara ba. Satin da ya wuce ya sa a yi wa zaure fenti saboda sadakar marigayi, ya ce a sabunta zanen, a kuma gyara wancan layin kada baƙi su ce mushe guda bai iya zane ba. Na shigo na tarar da da'ira tara a jere, tsaf. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Da Isiyaku na nan, na san ba fentin ne zai fi ƙona masa rai ba. Rabi ce, 'yarsa tilo. Bayan rasuwarsa ta samu aiki a unguwar Ganhi, ta auri abokin aikinta, Musulmi, laifinsa kawai ba ya jin Hausa. Baffanninta ko ɗaya bai je ɗaurin auren ba, ita ma tun ranar ba ta sake taka zauren nan ba.

Na tambayi Alhaji ko an gaya mata sadakar ubanta.

"Ita ta kauce, Ladi."

"Yaya, wa ya ture ta?"

Ya kama jan carbi.

Jiya na hau babur har gidanta a unguwar Gbégamey. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Gwaggo, zanen Baba yana nan?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce ta san inda layin ya bi.

Littattafan Isiyaku gara ta cinye, ɗalibansa sun watse, abin da ya bari ke nan: zane ɗaya da 'ya ɗaya. Na sayo gwangwanin fenti na ajiye a ɗakina. Ranar Juma'a, kafin a zuba wa baƙi wasa-wasa, Rabi za ta karkatar da layin ubanta da hannunta, ni kuma ina tsaye a bayanta. Alhaji ya zo ya hana, mu gani.