Gayyar Karatun Ja'afaru Maiwada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 11 ga Maris, 1970, labari ya iso mana a makarantar koyon likitanci ta Zariya cewa Allah ya yi wa ɗan ajinmu Ja'afaru Maiwada rasuwa a gida, Likoro. Sanƙarau ne ya kama shi, kwana biyu kacal.

Ja'afaru, kai ka tsince ni lokacin da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi suka sha kaina, har na fara tunanin komawa Furana in riƙe fartanya. Ka yi dariya ka ce, "Mamuda, a garinku mutum ɗaya ke nome gonar gayya?" Ka haɗa ni da Tanko ɗan Makarfi da Lawal na Kurmin Kogi, muka riƙa zama gindin wata tsamiya bayan la'asar. Dokarka ɗaya ce: wanda bai gane darasi ba shi zai tashi ya karantar, sauran su gyara masa, kuma ba mai tashi sai ya gane. Na sha jin haushinka a kan wannan. Amma kunyar in tsaya gabanku baki buɗe ita ta sa nake buɗe littafi, har karatun ya zo ya shiga raina.

Tun da ka tafi ba mu sake zama ba. Jarrabawa ta matso. Lawal ya rufe kansa a ɗaki, Tanko kuwa ya ɗaure akwatinsa, wai shi dama don kai yake zaune. Ni ma in na buɗe littafi sai baƙaƙen su yi ta yawo. Tsoro nake ji ƙwarai, kada mu watse.

Da muka je gaisuwa, mahaifinka Malam Musa ya riƙe hannuna a zaure, ya ce, "'Ya'yana, da da likita kusa, wataƙila da an yi wani abu. Ja'afaru muke jira ya gama karatu. Yanzu ku muke jira." Tanko ya sunkuyar da kai. Amma har yau akwatin nan nasa a ɗaure yake.

Allah ya jiƙanka, Ja'afaru, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Malam Musa da mahaifiyar Ja'afaru Inna Uwaliya da dukan mutanen Likoro, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma ku sa mu a addu'a, kada jiranku ya zama na banza. Amin.