Bangon da Baba Issaka Ya Narkar

Shagon ɗinkina a unguwar Nima bango ɗaya ne ya raba shi da na Baba Issaka mai hoto, kuma shekara goma sha tara ke nan ina shan surutunsa kyauta. Mutum ne siriri, mai farin gemu da gardamar tsiya. A zamanin da kowa ke ɗaukar hoto da waya, har yau da fim yake aiki, da wata 'yar ƙaramar kyamara ta ƙarfe da ya saya wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema tun yana saurayi.

Sau ɗaya tak ya bari na leƙa cikinta. Akwai 'yar taga a gefe, in ka sa ido sai ka ga mutum ya zama biyu a tsakiya. Sai ka yi ta murza gilashin gaba har biyun su haɗe su koma ɗaya, sannan ka danna. Na ce masa wannan ai wahala ce. Ya fizge abarsa ya ce ni da na saba da keken ɗinki me na sani.

Amma abin da ya yi masa suna shi ne gilashin nan. Yana da wani zobe da ake juyawa, ya buɗe idon ko ya tsuke shi. Baba Issaka kullum a wangale yake barinsa. Sai mutum ya fito raɗau, har gashin ido ana ƙirgawa, fata ta yi wani ɗumi kamar an shafa man kaɗe, duk abin da ke bayansa kuwa ya narke ya zama launi mai laushi. Hasken da ke ratsowa ta ganyen bishiya ya koma ƙwallaye zagaye, irin na manja a kan miya. Kwata ta ɓace, tsohon kwano mai tsatsa ya ɓace, shanyar maƙwabta ta ɓace. Mutanenmu sun so abin nan ƙwarai. Ka tsaya a bakin lungu, a aika hotonka Tamale ko Bawku, dangi su ɗauka a lambun wani babban otal kake. Shi kuwa yana taƙama, yana cewa ya fi masu kwasar shara gyara Nima, don shi da yatsa ɗaya yake share ta.

Ranar wata Juma'a Mma Amama ta aiko a kira shi. Tsohuwa ce mai sayar da koko a ƙarshen lungunmu, ta haura tamanin. 'Ya'yanta sun haɗa ƙarfi za su rushe tsohon gidan ƙasa su gina mata bene, magina za su fara ranar Litinin. Murna take yi, ba ta ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A bangon da ke gefen ƙofa, marigayi mijinta Abdul-Majeed ya riƙa tsayar da yaransu duk Sallah yana ja musu layi da ƙusa daidai kansu. Simintin da aka shafe bangon da shi ya rube, ko an so a ciro shi marmashewa zai yi. Jikoki sun ɗauka da waya, amma ita ba ta yarda da hoton da ba za ta riƙe a hannu ba.

Ina wurin, don ni na ɗinka mata rigar da ta saka. Da kunnena na ji ta ce, “Issaka, gida nake so. Bango ɗin nan ya fito, ka ji?”

“Na ji, Mma. Shekara nawa ina wannan aiki?”

Ya ji ɗin, amma yatsansa bai ji ba. Ya zaunar da ita a kujera can gaba da bangon inda haske ya fi kyau, ya haɗe Amama biyu suka zama ɗaya, ya danna, zoben nan yana inda yake tun kafin a haife ni.

Mai wanke masa fim yana wajen Tudu, sai Litinin da safe hotunan suka fito. Ya sauko daga trotro, motar haya, yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce in zo in ga aiki. Muka tarar magina sun riga sun hau sama suna ɓamɓare kwano, Mma Amama na zaune a inuwa tana ba su umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Ya miƙa mata ambulan da hannu biyu.

Wallahi hoton ya yi kyau. Ban taɓa ganin tsohuwar nan haka ba, idonta yana dariya, mayafinta kamar ka taɓa. Ta duba, ta kai shi kusa da hanci, ta nesanta shi.

“Issaka, ina bango?”

Ya leƙa. A bayanta babu komai sai wani ruwan ƙasa mai laushi da ɗan shuɗi inda ƙofa take.

“Kai ma paa! Na ce gida, ka kawo mini tsohuwa. Ni ban san fuskata ba ne? Ina da madubi!”

Tunda nake da Baba Issaka ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Na tausaya masa, kuma na ji daɗi kaɗan, ba zan yi ƙarya ba. Sai muka ji dum, wani magini ya sauke guduma a bangon baya. Nan na manta da jin daɗin, na kwarma ihu na ce su dakata. Shugabansu Ɗanbala ya leƙo daga sama ya ce su aikin yini suke yi. Mma Amama ta ɗaga kai ta tuna masa cewa da kokonta aka yaye shi, in bai sauke gudumar nan ba za ta faɗa wa yaransa abin da yake yi a zaninta yana jariri. Guduma ta sauka.

Fim ɗaya ya rage a jakarsa. Ya sa shi, ya kama zoben zai tsuke, zobe ya ƙi motsi, don ya manta ana juya shi. Na ruga shago na kawo tsumman da nake riƙe ƙarfen guga da shi, ya naɗe, ya cije leɓe, sai ga shi ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Ya ce in an tsuke idon bango zai fito, amma haske kaɗan ke shiga, dole kyamara ta tsaya cik, kuma hannunsa yanzu yana rawa. Muka kifa turmi, ya ɗora kyamarar a kai, dattijo ya durƙusa a ƙasa da farar jallabiyarsa. Mma Amama ta tsaya jikin bangon ta dafa shi. Ya ɗauka har fim ya ƙare. Kafin la'asar babu bango.

Kwana biyu muka jira, kuma a kwana biyun nan Baba Issaka bai yi gardama da kowa ba, har na fara damuwa. Ranar Laraba ya dawo daga Tudu da ambulan a liƙe, ya ce shi ba zai iya buɗewa ba. Muka same ta a ɗakin 'yarta inda ta koma zama, ta yage shi da kanta.

Komai ya fito. Tsagar bango, kwata, akuyar maƙwabta, Ɗanbala a sama yana washe baki, har da ni a gefe baki buɗe ina yi wa wani faɗa. Mma Amama ta yi dariya har da tari. Sannan ta sa yatsa a kan layukan, tana bin na kowane ɗa tun daga ƙasa har inda ya tsaya, tana kiran suna: Habib, Zelia, Mutala, har shida. Sai yatsan ya sauko can ƙasa, inda wasu layuka uku na yaro ɗaya suka tsaya daidai gwiwa ba su ƙara hawa ba. Ni ban taɓa sanin ta haifi bakwai ba.

“Ga Wadia,” ta ce. “Har ta rasu ko hoto ɗaya ba a yi mata ba. Issaka, ka fito mini da ɗiyata.”

Baba Issaka ya juya yana goge gilashin kyamararsa, wanda ba abin da ya same shi.

Yanzu bene ya tashi, hoton yana rataye a falo. Na farkon ma tana da shi, a ƙarƙashin matashi, ta ce ranar da ta ji tsufa take dubawa. Shi kuwa surutu ya dawo har ya fi na da, sai dai duk wanda ya tsaya a gabansa, kafin ya taɓa zoben nan sai ya sauke kyamara ya tambaya: “Kai kaɗai, ko har da gida?”