Ranar da Hoton Auta Ya Tsaya a Goshi

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da ranar da na tara mutanen ƙauyenmu su ga ƙanena, suka ɓige da kallon raƙumi.

A shekarar ne damina ta yi mana gardama. Hatsi ya fito ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, aka tashi da kara ba zangarniya. Ni a lokacin mushe ne, wato malamin boko, ina koyarwa a lakwal, makarantar ƙauyenmu da ke yankin Droum, don haka ɗan albashina ya hana tukunyarmu bushewa. Samarin gari kuwa kusan duk sun watse ci-rani. Ƙanena, autanmu, ya bi motocin Agadas ya nufi Libiya.

Bai daɗe da tafiya ba sai labari ya zo wai wata mota ta lalace da mutane a tsakiyar sahara. Ba wanda ya ce yana ciki, ba kuma wanda ya ce ba ya ciki. Tun daga ranar Inna, mahaifiyarmu, ta yi sallama da abinci, sai dai ta kurɓi kunu ta ture kwanon. Da Allah ya sa ya isa lafiya ya bugo waya, da gudu na kira ta na ɗora mata kan tarho a kunne. To Inna kunnenta ya yi nauyi, layin kuma sai shuuu yake yi. Ta saurara, ta saurara, ta miƙo mini.

"Wannan ba muryar auta ba ce. Kun haɗa baki da wani ne don in ci tuwo."

"Haba Inna, ni zan yi miki haka?"

"Kai ɗin fa. Ni dai sai na ga fuskarsa da idona."

Gidana yana cikin 'yan gidajen da aka ja wa wayar tarho a yankin, kuma shi ne na ƙarshe, daga ni sai daji. Da aka ce ana samun intanet ta cikin wayar nan, jiki na rawa na sa aka haɗa mini, na samo wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ina kunna ta da batir. Mutumin da ya haɗa bai ɓoye mini ba. Ya ce abin yana da ƙarfi ne kusa da babban ofishinsu na Damagaram, yana yin nisa yana raguwa, kafin ya iso wurina sai abin da hali ya yi. Ko a jikina. Ni dai a ce mushe yana da intanet.

Na ce wa auta ya nemi mai hoto ya ɗauke shi, ya aiko. Ranar da ya ce ya aiko, matata kaɗai na gaya wa. Kafin hantsi ya ɗaga tsakar gidana ya cika, har da masu leƙe ta kan darni. Na kifa turmi a inuwa na ɗora ordinatar a kai, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a gaba, na gyara hula, na danna.

Hoton sai ya fara saukowa daga sama, zare-zare, kamar masaƙi na saƙa da ciwon baya. Abin da ya fara fitowa sararin samaniya ne, shuɗi fes. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai baki, ta ce, "Ashe can ma ba hadari." Aka yi dariya. Can sai ga wasu kunnuwa masu gashi. Sai ga manyan idanu da dogon gashin ido. Sai ga leɓe ya zubo.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Haka Libiya ke mayar da mutum?"

Inna ta juyo ta dube ni. "Mushe," in ji ta, kuma ba ta kirana haka sai za ta yi mini tsiya, "auta ka ce za ka nuna mini."

Zufa ta karyo mini. Na ce ai kiwon raƙuma ya samu a can, ga alama a gaban raƙumi ya tsaya, a yi haƙuri yana ƙasa. Wallahi ban taɓa sanin wuyan raƙumi yana da tsawo haka ba sai ranar. Mata suka je suka duba tukwanensu suka dawo, wuya ake. Maza suka je azahar suka dawo, wuya ake. Daga ƙarshe wata hula ta ɓullo, aka ɗauki guɗa. Goshi ya fito, gira ta fara fitowa. Shi ke nan, abu ya tsaya cak.

Na danna, na girgiza, na hura, ba labari. Da na bi wayar bayan gida sai na tarar da awakin unguwa a inda ta yi lanƙwasa ta sauko ƙasa, sun gaigaye robar sun tsinka ta, suna tuƙa hankalinsu kwance. Ban ga laifinsu ba. A shekarar har leda da takarda ci suke yi.

Na dawo mutane na ta watsewa da dariya, amma Inna na nan zaune ta ƙura wa gilashin ordinatar ido. Ta ce, "Goshin dai na gidanmu ne. Amma ai gawa ma tana da goshi." Nan dariyar ta fita daga raina. Na dubi wuyan hannunta, na ga yadda awarwaronta ke zamewa har gwiwar hannu, na san ba zan jira masu gyara ba.

Washegari muka hau amalanke zuwa bakin hanya, muka samu mota sai Damagaram. Daga tasha Inna ta hau kabu-kabu karon farko a rayuwarta, ta riƙe rigar mai babur ɗin kamar za ta yage, tana salati har unguwar Zango. Can ɗan kawuna yake da shago, da irin wannan wayar a gidansa. Taubashina ne, don haka tun daga ƙofa ya tare ni.

"Mushe, barka da arziki! An ce raƙumi kuka samu a gidan?"

Labarin ya riga mu isowa. Labari kam bai jira waya ba.

Ya kunna ordinatarsa, na shiga inda saƙon yake, na danna. Kafin Inna ta gama gyara zama hoto ya buɗe gaba ɗaya. Ga auta tsaye, akala a hannu, yana murmushi har wushiryarsa ta fito. Inna ta matso kusa. Ta kai yatsa ta shafa gilashin daga hula har takalmi, a hankali, hawaye na bin kumatunta.

"Ya rame," ta ce. "Kuma dubi gemu kamar na bunsuru." Ta share fuska da gefen mayafi, ta waiwayi matar gidan. "'Yar nan, me kuka dafa ne?"

Ta ci tuwo ranar har da neman ƙari. Da ta wanke hannu sai ta tambayi ɗan kawuna ko wayarsu daban ce da tamu.

"Iri ɗaya ce, Gwaggo. Mu dai muna bakin rijiyar ne, ku kuna can ƙarshen kwata."

"Wa ya haƙa rijiyar?"

"Mutane mana."

"To madalla. Ruwan sama ya tsallake mu, na yi shiru, don Mai shi ba a yi masa tambaya. Wannan kuwa ɗan Adam ya ja ta da hannunsa. Ku kai ni wurinsa."

Haka muka kai ta ofishin masu wayar. Ta zauna gaban wani ma'aikaci ta kwashe labarin raƙumi da awaki tas ta gaya masa, yana dariya har da riƙe ciki. Bai yi mata alkawarin ƙarya ba, ya ce nisa dai nisa ne. Amma kafin watan ya ƙare suka zo suka canja tsohuwar wayar, suka ɗaga ta sama inda akuya ba ta kaiwa. Abin bai zama kamar na Zango ba, sai dai hoto ya daina cin wuni. Sauƙin gaske sai bayan shekaru ya zo, da wayar hannu ta game ƙauyuka, lokacin auta ya daɗe da dawowa har ya yi iyali.

Mu mutanen karkara mun saba, duk abin da ya zo mana a ƙarshe, ko ya zo a gutsure, sai mu ce haka Allah ya so. A ranar na koya daga Inna cewa rashi iri biyu ne. Wanda ya sauko daga sama, haƙuri ne maganinsa. Wanda mutum ya raba da hannunsa kuwa, sai ka ɗauki takalminka ka je ka same shi, ka yi sallama, ka tambaye shi ina rabonka.