Dolon Kaka

Duk sanda ruwan sama ya jiƙa mini gawayi a bakin murhun banda, warin nan yakan mayar da ni Nguru, hutun daminar da aka ɗauki ƙanina.

A Gashuwa muka taso, a hannun kakarmu, bayan rasuwar babanmu. Bandar kifi take yi. Ni ban taɓa shiga aji ba, ina gefenta ina gyaran tarwaɗa, shi kuwa aka sa shi firamare. Yaron yana da kai. Rediyon maƙwabcinmu ta mutu, ya kwance ta ya mayar, ta yi magana. Amma in ka shigo gidanmu ba za ka ji wannan ba. Kaka ba ta kiransa sai da "maigidana dolo". In wani ya yabe shi, sai ta ce ko akuya ba za ta ba shi kiwo ba. In a wajenmu ka taso ka san dalili. Baki take tsoro. A ganinta yaron da ake yawan yabo ba ya daɗewa, kuma ta binne 'ya'ya da yawa, babanmu ne na ƙarshe.

Sai ga hedimasta wata rana a ƙofar gida. A tsaye, gaban mata masu jiran kifi, ya ɗaga murya ya ce an zaɓi yaron cikin masu hazaƙa, za a tara su a wata makaranta a Nguru lokacin hutu, a koya musu abin da ba a koyarwa a aji. Ci da kwana kyauta. Na ga fuskar Kaka ta sauya. Ta ce ya yi ɓatan gida, nata jikan dolo ne. Da ya tafi ta tambaye ni wa ke ciyar da ɗan wani don Allah kawai, kuma me ya sa sai masu kai suke so. Ni ma ban yarda da su ba.

Hedimasta ya yi ta zarya har ta sassauta, amma da sharaɗi. Yaron a gidan kawunmu da ke Nguru zai kwana, ni kuma in bi shi da kwandon kifi in sa ido.

Kullum ina zaune gindin wata bishiyar maina kusa da tagar ajinsu. Ba bulala, ba haddar da na saba ji. Na ga an ba su ruwan kogi mai laka, da yashi, da gawayi, da gorar roba, aka bar su. Ƙanina ne ya fara fitar da ruwa garau. Malamar ta tsayar da shi, aka tafa masa. Tafin nan bai yi mini daɗi ba. Na ƙirga idanun da ke kansa, suka yi mini yawa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Damina ce, rabin unguwar a kwance take, amma Kawu ya aika Gashuwa. Kaka, wadda ba ta son mota, ta hau ta zo. Ta ce in ɗaure masa kaya, karatun ya ƙare. Ta zauna bakin tabarma tana shafa masa kai, tana cewa dolonta ya tashi su koma gida.

Ya buɗe ido ya ce, "Kaka, malama ta ce ina da kai. Ke kin ce ni dolo ne. Waye yake ƙarya?"

Ashe duk shekarun nan ya ɗauka da gaske take. Ba wanda ya taɓa gaya masa. Mu mun zaci ya sani.

Kaka ta ce in saki labule, in duba ko matar Kawu na kusa. Sannan ta sunkuya ta sa baki a kunnensa, ta daɗe. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta ɗago sai ta ce mini, "Kwance kayan." Ta ɗaura masa laya a damtse, ta zauna a Nguru har ya warke ya gama. A tasha, da wata ta tambaye ta ko shi ne jikan nan mai ƙwaƙwalwa, ta ce a'a, wancan na wasu ne.

Yau shi ke gyara famfunan burtsatse daga Jajimaji har Dapchi. Na tambaye shi abin da ta raɗa masa, ya ce nasa ne.

Yanzu in yaro ya ci jarrabawa, kafin ya iso gida hotonsa ya zaga wayoyin gari. Ni har gobe ban yarda da tafi ba. 'Yata ta zo ta ɗaya bara, maƙwabta suka tambaya, na ce ba laifi, tana dai ƙoƙari. Amma da suka watse na saki labule, na kira ta ciki.